Sunaye Uku da Na Goge a Ƙotar Bindigar Yaya

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Haruna. Abin da ya bari bai cika yatsun hannu ɗaya ba: mata, 'ya ɗaya mai suna Safiya, akwatin kayan gyaran mota, da bindigar farauta mai baki biyu. Ni dillali ne, a kasuwar gwanjo ta Madina na gina kaina, don haka ni aka ɗora wa sayar da abin da zai sayu.

Bindigar ta kashe ɓauna ce, kuma babu ɓauna a ƙasar nan. Yaya ya saye ta a hannun wani direba ɗan Sudan, ya yi ta zirga-zirga har ya sami takardar izini. Ban san ya harba ta fiye da sau biyu ba. Amma duk Alhamis bayan la'asar sai ya shimfiɗa tsohon haraminsa, ya raba ta uku, ya bi kowane lungu da man keken ɗinki. Bahago ne, da babban yatsan hagu yake tura ɗan ƙarfen da ke buɗe ta. A jikin ƙotar akwai sunaye uku da aka ƙona da ƙusa mai zafi: na maharbin da ya fara riƙe ta, na direban, sai nasa. Yakan ce kowa aro yake riƙe da ita, ya kamata na gaba ya san waɗanda zai yi wa addu'a.

Ni kuwa na san kasuwa. Mai saye ba ya son ganin sunan wani a kan abin da zai kira nasa. Kwana arba'in ba su cika ba na sa samfefa na goge ƙotar tas, na shafa mata man ƙyalli. Ta sayu da daraja, aka biya wa matar Yaya hayar gida. A lokacin har yaba wa kaina na yi.

Bara, ana shirin bikin Safiya, ta same ni a shago. Hausarta rabi Larabci ce, kamar ta sauran yaranmu: baffa Ammi ne, uwa Ummi, uba Abuya. Ta ce, "Ya Ammi, ba na son zinariya. Ummi ta ce Abuya ya rubuta sunansa da hannunsa a bindiga. Shi nake so in gani, bas." Tana da shekara bakwai ya rasu, kuma Yaya ba mai rubutu ba ne, ko wasiƙa ɗaya bai bari ba. Na ce mata zan nemo. Ban gaya mata sauran ba.

Wata huɗu ina bin sawu. Wanda na sayar wa mai gidan abinci ne a Bi'ir Ali, ya rataye ta a bango don ado har tsatsa ta fara ci. Daga shi ta koma hannun surukinsa a Harra ta Yamma, wanda bai taɓa buɗe ta ba. Ina tafe cikin layukan nan ina tunanin Yaya, don a can yake kai ni kallon zomaye muna yara, lokacin duk baƙin dutse ne. Da zai dawo yau, ɓata zai yi a tsakanin gidaje.

Na ƙarshe wani dattijo ne ɗan uwanmu Bahaushe, Baba Sale, mai gonar dabino a Ƙuba. Ya fito da ita a naɗe cikin zane, tana ƙanshin mai. Ya juya ta a cinyarsa, ya ce, "Wanda ya riƙe wannan bahago ne, kuma ya so ta. Dubi nan." Ya nuna mini gefen ɗan ƙarfen buɗewa, inda ya goge ya yi fari. Sannan ya shafa ƙotar. "Amma wani sakaran dillali ya aske mata fuska. Allah ya shirye shi."

Na ce, "Amin, Baba. Ni ne."

Na ba shi labarin Safiya, na nemi ya sayar mini. Bai yarda ya sayar ba, ni ma ban matsa ba. Ta fi samun hutu a hannunsa. Ya dai ce in kawo yarinyar.

A mota na gaya wa Safiya gaskiya. Da muka isa, Baba Sale ya ɗora mata bindigar a cinya, ta shafa ƙotar sama da ƙasa, tana neman abin da ta san babu. Daga baya ta ɗora babban yatsanta na hagu a kan farin wurin nan, ta bar shi a can. Ni na fita cikin dabino, don ban iya tsayawa ba.

Da Yaya na nan, ba na jin zai yi mini faɗa. Tambayata zai yi sunan maharbin nan da na direban, kuma wallahi na manta su. Addu'ar da ya so a riƙa yi musu, a hannuna ta yanke.

Na saba auna riba da hasara, to ga na wannan cinikin. Ribar ita ce hayar da ta ƙare tun Safiya na firamare. Hasarar sunaye uku ne, ɗaya da rubutun ɗan uwana. Abin da ya rage na Haruna shi ne farin tabo a kan ƙarfe, bai kai ƙwallon dabino ba. Shi ma ya tsira ne don ban gan shi ba.