Na raka mai shirin dare gaisuwar mutuwa

Asubar fari muka bar Kano ranar Asabar, mu biyu, a tsohuwar motata wadda sai an lallashe ta kamar basarake take tashi. Abokin tafiyata shi ne mutumin nan mai shirin hira a talabijin, wanda ke hana ku barci duk daren Juma'a. Ni tun muna sakandare a Haɗeja na san shi, yana kwaikwayon muryar malamai ana zane mu tare.

Ba yawon shan iska muka fita ba. Mahaifinsa ne ya rasu ranar Juma'a da la'asar a ƙauyensu, can bayan Guri. Tun azahar wansa ke ta kiransa, tsohon na cigiyarsa, shi kuwa ranar shiri tun hantsi yake kashe waya. Sai da ya gama ba rabin ƙasar nan dariya ya kunna, ya tarar har an binne. Saƙo ɗaya wan ya bar masa: Baba ya bar maka magana, in ka zo ka ji. Maganar nan muka tafi ɗaukowa.

A Gujungu muka tsaya shan shayi, nan na sake ganin baiwar da Allah ya yi wa abokin nawa. Idonsa jawur, bai runtsa ba, amma cikin minti biyar mai shayin ya ba shi labarin rayuwarsa kaf, har da ciwon bayan da ya ɓoye wa iyalinsa. Mutumin nan ko turmi ya ajiye a gabansa sai turmin ya faɗi wanda ya fi dakansa. Yana sa mutum ya ji kamar shi kaɗai ne a duniya. Aibinsa ɗaya, ba ya bari ka kai ƙarshe. Ka ɗauko zance, shi zai sauke maka. Mai shayin ya ce "sai matata ta ce..." mutumina ya ƙarasa masa, aka kwashe da dariya. Har muka tashi ba mu ji abin da matar ta ce ba.

Tun kafin mu shiga Haɗeja ƙamshin bandar kifi ya tare mu. Na tsaya taya kwali ɗaya, da aka faɗa mini kuɗin sai da na tambaya ko har da kogin ake sayarwa. Daga nan hanya ta zama ruwa dama, ruwa hagu, shinkafa ta yi kore shar, tsuntsaye farare birjik kamar an shanya wankin gari guda. Inda kwalta ta ƙare muka bar motar, muka shiga kwalekwale, muna ratsa kacala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo ta toshe hanyoyin ruwa. Mai tuƙin bai san shi ba, bai ma taɓa jin sunan shirin ba. Mutumina ya jefa masa tambaya uku, ya samu "eh" uku. Sai mutumina ya koma kallon ruwa. Shekara talatin da saninmu, ban taɓa jin ƙarar filafilin tuƙi a gabansa ba sai ranar.

A wurin zaman makoki abin ya ba ni tausayi. Jama'a sun cika tabarmi, amma da yawa ba mai rashi suka zo gani ba, mutumin talabijin suka zo gani. Ana shafa fatiha sai a matso a ɗauki hoto. Wani ma cewa ya yi ya ɗan yi musu irin dariyar da yake buɗe shiri da ita. Ya yi musu kuwa, don bai iya mayar da mai kallo ba. Ya zauna a tsakiyar mutum ɗari, ba wanda ya tambaye shi ko ya ci abinci. Aka kawo mana shinkafa da miyar kifi, na ci nawa, na taya shi da nasa, don kar a ce baƙi sun raina.

Wan nasa masunci ne, mutum mai auna magana kamar zinariya. Sai washegari da la'asar ya kira shi bakin ruwa inda yake ɗinkin komar kamun kifi, ni ina gefe.

"Alhajin talabijin, zauna."

"Yaya, wallahi wayar..."

"Na sani. Baba ya farka wajen azahar, ya tambaye ka sau biyu. Da ya ga ba za a same ka ba, sai ya riƙe hannuna." Ya tsaya ya ja zare, ya ƙulle, ya cije. "Ya ce, in yaron nan ya zo, ka gaya masa..."

"Ya yafe mini, ko Yaya? Na san haka zai ce."

Yaya ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa.

"To, tunda ka sani, shi ke nan."

Ya naɗe komarsa ya tafi. Mutumina ya bi shi har ƙofar gida. Da safe ya sake roƙonsa, ni ma na sa baki da duk iya zaƙin bakina. Yaya ya ce shi ba ya maimaita abin da aka riga aka sani. Ya rako mu har kwalekwale, ya ba mu daurin kifi, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga Guri zuwa Kano na ƙirƙiro labarai sun fi hamsin don in sa shi dariya, ba wanda ya ci. A ƙofar gidansa na sauke shi bayan magariba, gidan duhu, ba kowa sai maigadi. Ya riƙe murfin motar ya ce, "Kana ganin yafewar ce?" Na ce ina kyautata zato.

Na iso gida lafiya, alhamdulillahi. Abin da na koyo kuwa, ni mai surutun da ya fi nasa: duk wanda ya tsaya a tsakiyar magana yana neman numfashi, a bar shi ya samu. Abokina ya ce zai koma ranar sadakar arba'in, ya zauna kusa da Yaya ko kwana nawa ne, bakinsa a rufe. Na ce zan kai shi.