Ɗakunan Geron Baba da Attajirin Amurka

Gab da samun 'yancin kai damina ta yi gardama, abinci ya yi tsada a Sakkwato. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙofar Taramniya, yana da gero ɗaki uku, amma ya garƙame ya ƙi sayarwa. Maƙwabta suka fara ja da baya, har gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu. Ni lokacin sabon malamin makaranta ne, ina ji da kaina, abin kuwa yana ci mini rai. Ina kallo mutuncin da ya daɗe yana tarawa zai zube.

Ba ni da fuskar yi masa wa'azi. Ana nan sai aka kawo wani fim na Amurka a sinima, labarin wani attajirin zamanin da, wanda ya saye zinariyar kasuwa kaf ya riƙe, 'yan kasuwa suka karye, shi ma ƙarshe kowa ya guje shi. Na ce yauwa, ga wanda zai faɗa a madadina. Da ƙyar na lallaɓo Baba zuwa sinima bayan magariba, ya ja amawali ya rufe fuska kada a gane shi.

Ina fassara masa a kunne ina ƙara gishiri, ko tari attajirin ya yi sai in ce mugunta yake ƙullawa.

Sai a hanyar gida Baba ya tambaye ni, "Wanga mutum, mi yas same shi da ƙuruciya?"

Na ce ba su nuna ba.

"To sun rage labari. Ba ka ga yadda shika kare kwano da hannu in shina cin abinci ba? Yunwa ta taɓa shiga gidansu." Ya juyo ya dube ni. "Ina yaro munka ci dusa har ta ƙare. Ƙannena biyu sunka tahi cikin mako guda. Ba tsada nika jira ba, ku nika ji ma tsoro."

Kunya ta rufe ni. Ban taɓa sanin ya yi ƙanne ba.

Da safe ya buɗe ɗaki biyu, ya sa aka auna wa mutane a tsohon farashi. Da aka zo na uku ya daɗe a tsaye, sannan ya miƙo mini makulli.

"Kai buɗe wanga," in ji shi. "Hannuna ba ya iyawa."