Injin da Aka Kafa wa Maje

Maje mahauci ne ɗan Fagge. Ya zo London a 1982, ya kama aiki a wani shagon naman halal kusa da kasuwar Woolwich. A nan ya tsinci Hambali, ɗan garinsu da karatu ya ƙi masa, ya ba shi ɗaki a flat ɗinsa, ya koya masa riƙon wuƙa har ya iya raba rago ba tare da ya ɓata tsoka ba.

A 1991 Maje ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya daɗe a gida yana karɓar benefit, kuɗin da gwamnati ke ba marasa lafiya, matarsa Hajjo tana gasa masa hannu da ruwan ɗumi. Zaman ya fi ciwon cin ransa.

Da ƙafa ta fara ɗaukarsa, wata ma'aikaciya a ofishin da ke taimaka wa marasa lafiya komawa aiki ta ce masa akwai hanya. Duk mai shagon da ya yarda ya gwada shi, gwamnati za ta tallafa masa na ɗan lokaci, ta kuma sayi injin yankan ƙashi da ake sarrafawa da hannu ɗaya. Lokacin Hambali ya buɗe nasa shagon a Catford. Maje ya je ya same shi da maganar.

"Haba Yaya, har sai ka roƙe ni?" in ji Hambali. "Shagon nan naka ne."

Aka kafa inji. Maje ya koma ɗaura farin ƙyalle a ƙugu, tsofaffin kwastomominsa suka biyo shi daga Woolwich. Hajjo ta ce har barcinsa ya gyaru.

Satin da tallafin ya ƙare, Hambali ya ja shi bayan shago.

"Yaya, mutane suna complain. Wai hannunka yana rawa a kan nama. Ka ɗan huta tukuna."

"Wa ya faɗa?"

Hambali ya kalli ƙasa.

Washegari Maje ya leƙa, ya tarar da ƙanin matar Hambali tsaye a kan injin. Bai shiga ba.

Ma'aikaciyar ta nemi ya kai ƙara, ya ce ba zai tsaya gaban Turawa da wanda ya ci tuwon gidansa ba. Daga baya ta samo masa aikin ba da tikiti a wani wurin ajiye motoci. A nan ya zauna har ya yi ritaya, bai sake yanka nama don sayarwa ba.