Gwaggon Ruwa da Mazurarinta

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana rana, za ka same ta a ɗan filin da ke bayan ofishin hasashen yanayi, ta tattare zani, ta durƙusa gaban wani gwangwani mai mazurari a ka. Sai ta juye ruwan da ya taru cikin kwalbar awo, ta ɗaga ta daidai idonta, ta karanta, ta rubuta a littafi. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki. Abokan aikinta suka laƙaba mata Gwaggon Ruwa don tsokana, ita kuwa ta karɓe sunan hannu bibbiyu. Mijinta, wanda tela ne, yakan ce tun da ya aure ta bai taɓa shan kokon safe da zafinsa ba, sai mazurari ya fara samun gaisuwa.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo sabuwar na'ura, aka kafa ta a kan rufin ofis. Ita ke auna ruwa da kanta, ta aika lissafi cikin kwamfuta, a haɗa da abin da tauraron ɗan adam ya hango daga sama. Darakta ya tara ma'aikata ya ce an daina awon hannu. Aka kwashe tsofaffin littattafan Gwaggo aka jibge a sito, wurin gara. Washegari da bakwai tana durƙushe gaban gwangwaninta, da sabon littafi da ta zo da shi daga gida.

Kada wani ya ɗauka ƙyamar na'ura take yi. Ita ce ta fara koyon karanta ta a ofishin. Abin da ya dame ta shi ne, a damina ta biyu lissafinsu ya soma shan bamban. Ranar da aka yi ruwan da ya kada katangar makarantar da ke kusa, kwalbarta ta nuna milimita ɗari da goma sha biyu, na'ura ta ce goma sha tara. Ta rubuta takarda sau uku. Amsar da ta samu ita ce wai idonta ya tsufa, ta nemi tabarau.

Sai ga maganar kwalbati. Akwai wata unguwa a gangare, inda duk ruwan garin yake bi, kuma can ƙanwarta ke zaune da 'ya'ya biyar. Za a gina sabon titi a ratsa magudanar, injiniya ya zo neman ruwa mafi yawa da aka taɓa yi a yini guda, domin da shi ake yanke faɗin kwalbati. Aka buga masa abin da ke cikin kwamfuta. Gwaggo ta leƙa takardar, ta ga lissafin na'ura ne. Kwalbatin da za a yi da wannan lissafi ba zai ɗauke rabin ruwan da ta sani ba, sauran kuwa cikin ɗakunan mutane zai kwana.

Aka kira taro da injiniyan a ofis, ba a gayyace ta ba. Ta shiga da littattafai goma sha ɗaya a ka, ta sauke su a kan tebur.

"Gwaggo, wa ya kira ki?" in ji darakta.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya kira ni, ni na kawo kaina. Lissafin nan da kuka ba bawan Allahn nan ba daidai ba ne."

"Na'urar da aka yo odarta daga waje ce za ta yi kuskure, gwangwaninki ya yi daidai?"

"To a kawo tsani. In na yi ƙarya, yau ɗin nan ka sallame ni."

Aka yi dariya, amma injiniyan bai yi ba. Ya ce a kawo tsanin. Mace mai shekara hamsin da tara ta ɗaure gyale a ƙugu ta hau rufi, ya bi ta a baya. Ta buɗe murfin na'urar. Zanzaro ya yi gininsa na laka a maƙogwaron mazurarin, ya toshe shi, sai ɗan ƙaramin rami ya rage. In an yi yayyafi lissafi ya fito daidai, in an yi mamako ruwan ya cika ya malale ta gefe. Shekara biyu ba wanda ya hau ya duba, domin kowa ya ɗauka abin da ke aika saƙo da kansa yana share kansa ma.

Gwaggo, ke ce kika san ƙarfe ba ya ƙarya, amma yana toshewa. Ke ce aka ce idonki ya tsufa, kika ƙi runtse shi. Mai gaskiyar awo, ba ki taɓa rubuta ɗigon da ba ki gani ba.

Injiniya ya kwashi littattafan ya yi mako guda a kansu, aka ninka faɗin kwalbati. Darakta bai ba ta haƙuri ba har yau, kuma a rahoton da aka rubuta an ce wai "ofis ne ya gano matsalar". Wannan abu yana ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ran Juma'a mai zuwa za ta yi ritaya, ba a kuma naɗa wanda zai gaje ta ba. Gwaggo, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma da ke riƙe da ƙananan ayyuka irin nata, masu duba mita, masu gwajin ruwan sha, masu lura da na'urori, in kun ga lissafi ya saɓa wa idonku, ku nemi tsani ku hau.

A daminar bara an yi wani ruwa tun azahar har gab da magariba. Ƙanwar Gwaggo ta ɗora katifu a kan tebur, ta tsaya a bakin ƙofa da jaririn 'yarta a baya, tana kallon magudana. Ruwan ya taso har saura taki ɗaya ya shafe bakin kwalbatin, ya tsaya nan, ya wuce. Gida arba'in da uku ne a wannan gangaren, kuma a ranar kowa ya yi girkin yamma a tsakar gidansa.