Lamba Biyar Ya Tafi Ban Ruwa

A filin ƙwallon da ke bayan injinan shinkafa a Kura, idona yana kan wani ɗan baya mai lamba biyar. Ban san sunansa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga busasshen taɓo a ƙwaurinsa. Da gani daga gona ya wuto.

Ba ya gudu, ba ya ihu. In ɗan gaban ƙungiyar baƙi ya taso da ƙwallo, sai ya ɗan gusa ya tsaya, kamar mai toshe hanyar ruwa da laka. Sai ka ga ɗan gaban ya karkata ya yi bakin layi, inda ba kowa sai mai rake.

Wani saurayi a gefena, wanda ya haddace ƙididdigar 'yan wasan Turai, yana ta tsaki. "Malam, wannan tun da aka fara ko ƙwallo ɗaya bai ƙwace ba. Cika lamba kawai yake yi."

Ana cikin haka wani mai babur ya tsaya ya ƙwala kira: "An sako ruwa a layin gonarku!" Lamba biyar ya ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ya haye babur da rigar a jikinsa. Tumatir ba ya jiran a tashi wasa.

Ƙurar babur ɗin ba ta kwanta ba aka zura wa su lamba biyar ƙwallo.

Saurayin ya girgiza kai. "Wallahi golan nan ba shi da amfani."