Malam Isiya, Wanda Ya Sa Kwamfuta Ta Karanta Mini Hausa

Ina cikin aji a Malumfashi ranar Talata shugaban makaranta ya kamo hannuna ya fito da ni baranda, ya ce Malam Isiya na Funtua ya rasu da asuba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ni makaho ne, malamin Hausa. Na san marigayin tun shekarun alif ɗari tara da tamanin, yana buga tafireta a wani ofis, ni ina koyon aikin malanta. Shi yake karanta mini littattafai a kaset. In rubutu zai sauya daga Hausa zuwa Turanci, sai ya dakata ya ce, "To, ga Bature nan tafe," don kada in rikice.

Da zamani ya juya, tsarin darussa da takardun jarrabawa suka koma takardun kwamfuta da ake kira PDF. Kwamfutata takan karanta mini rubutu da murya, amma sai ta kama Hausa da bakin Turanci, ko kalma ɗaya ba na tsinta. Aka fara raɗe-raɗin za a sallame ni, ni kuwa ba ni da sana'ar da ta wuce aji. Na tsorata ƙwarai.

Na kai masa kukana, lokacin ya yi ritaya ya koma noman masara. Da furfurarsa ya zauna ya koyi abin. Ya gano cewa akwai inda ake sa wa takarda alamar harshen da aka rubuta ta da shi, har kowane sakin layi da tasa. Ya bi takarduna yana sawa, nan Hausa, nan Turanci. Sannan ya yi ta gwada manhajojin buɗe PDF, domin wasu ba ruwansu da alamar. Da na ce mu ɗauki wadda ake yayi mu huta, sai ya ce, "Malam Bala, ba 'yan gari ne za su saurara ba. Kunnenka ne zai zaɓa." Haka ya riƙa yi mini kowane zango, ko da aikin gona ya sha masa kai, kuma maganar sallama ta mutu.

Jiya takardun sabon zango suka iso. Na buɗe, na saurara, ban gane komai ba. A nan na yi kukan da na kasa yi a makabarta.

Allah Ya jiƙan Malam Isiya, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari.