Na Gyara wa Inna Ɗaki, Na Raba Ta da Murhu

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyarwa a wata lakwal a nan Dakoro, kuma gaskiya ina jin kaina. Ni ce mace ta farko da ta yi boko a gidanmu, yara suna ce mini madam, na saba in yi magana a ce to. Ina da wata ɗabi'a da a lokacin nake ɗauka baiwa ce: ba na iya ganin abu a karkace in wuce. In na shiga ɗakin ƙawata, sai na gyara mata zaman kwanoni kafin in nemi wurin zama. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina a rai. Ba zan ambaci sunan kowa ba, waɗanda suka san mu za su gane, waɗanda ba su san mu ba kuma sunan ba zai ƙare su da komai ba.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana zaune a wani ƙauye ta wajen Ɗan Gulbi, gida ɗaya da yayana da matarsa da 'yarsu mai shekara huɗu. Tun rasuwar Baba, abin da ya riƙe Inna shi ne murhunta. Ita ke dama kokon safe na gidan, ita ke haɗa miya, in ana suna ko biki a unguwa ita ake kira ta tsaya a kan tukunya. Kusa da madafa tana da wani ɗan ɗaki mai duhu inda take ajiye kayanta, kuma ɗakin nan ba abin da ya kai shi ba ni haushi. Ƙore rataye a ragaya, gwangwanaye masu tsatsa, ƙullin tsummoki ko'ina. Sukari yana cikin tsohon gwangwanin madara da ya loɓa ta gefe ɗaya. Gishiri yana cikin wata ƙwarya da ta tsage aka ɗinke. Kanwa a kasko, kuka a gora, daddawa a tandun fata da ta gada wajen kakarmu. Sodar da take haɗa sabulu da ita kuwa ba ta ma cikin ɗakin, tana cikin wani gwangwani da aka naɗe da tsumma aka ɗaure da igiya ƙulli uku, rataye can sama ta bayan ɗaki. Duk zuwan da na yi sai na yi mata tsiya, in ce ko ɓera ya shiga nan sai ya ɓata hanya. Sai ta yi dariya ta ce ɓeran da bai san gida ba ke nan.

A wannan shekara na shiga kallon bidiyoyi a salula, na matan wasu ƙasashe da ke jera kayan girki cikin robobi iri ɗaya, tsaf kamar kantin magani. Na ce wallahi sai na yi wa uwata irin wannan, ta ci moriyar karatun 'yarta. Na sa mai walda ya haɗa mini kanta ta ƙarfe mai hawa uku. Ranar kasuwa na sayi robobi goma sha biyu, girmansu ɗaya, ƙirarsu ɗaya, murafen ne kawai suka bambanta launi. Har da wata 'yar fitila mai cin hasken rana na saya, wadda aka sa wa wata ƙaramar na'ura a ciki, da mutum ya matso sai ta kunna kanta. Da hutu ya zo na ɗora kayan a mota na nufi ƙauye, ina ta saƙa yadda Inna za ta yi ta sa mini albarka.

Na iske ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, za ta kwana biyu. Na ji daɗin haka, don na san in tana nan ba za ta bari ba. Ni da matar yayana muka fitar da komai. Ita ta ɗan yi jinkiri, ta ce ko mu jira Inna ta dawo, na ce mata tsofaffi ba a shawara da su a kan irin wannan, sai dai su gani su yaba. Na ƙone tsummokin, na watsar da gwangwanayen a bola, ƙoren da suka tsufa na fasa. Na juye kowane abu a robarsa. Kuma da yake na san Inna ba ta karatu, sai na yi abin da na ɗauka dabara ce: ba rubutu, launin murfi zai faɗa mata abin da ke ciki. A hawan sama na jera fararen kaya wuri ɗaya don sun fi kyau a haka, gishiri daga jikin bango, sai garin kanwa, sai sukari mai shuɗin murfi. Sannan na tuna da sodar nan ta bayan ɗaki. Na ce bai kamata abu mai haɗari ya zauna a waje cikin tsumma ba. Na kwance ƙullin nan uku da hannuna, na juye ta a roba mai jan murfi, na ajiye ta ta huɗu a jerin, inda hannun yarinya ba ya kaiwa.

Da Inna ta dawo na kama hannunta na kai ta bakin ƙofa ina murmushi. Ta miƙa hannu sama inda ragaya take a da, hannun ya kama iska, ta sauke shi a hankali. Ta tambaye ni ina ƙwaryar gishirinta, na ce ta huta, ta yi aikinta. Na shiga nuna mata, wannan shuɗi sukari ne, wannan ja kuwa soda ce, kada ta kuskura ta taɓa sai ranar sabulu. Tana ta cewa to, tana shafa robobin ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Na ɗauka addu'a take yi mini, ashe ƙirga take yi. Na tambaye ta ko ta ga fitilar, ta ce ta gani, haskenta ya yi kyau ƙwarai. A lokacin ban ma haɗa wayar batir ɗin ba, fitilar a mace take. Na yi dariya, na ɗauka zolayata take yi. Har yau in na tuna wannan dariya sai in ji kunyar kaina.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan na koma Dakoro, ranar wata Alhamis da hantsi, ina cikin aji yayana ya kira ni. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce in same su a likita, suna kan hanya da yarinya. Abin da ya faru shi ne, matarsa ta ɗauki robar gishiri ta kai madafa ta manta ba ta mayar ba. Inna ta dama wa jikarta koko kamar kullum, ta shiga ɗakin, ta lalubo daga jikin bango, ɗaya, biyu, uku, ta buɗe ta ɗiba da ludayi. Da yake roba ɗaya ta fita daga jerin, ta ukun ta zama soda. Soda ba ta da wari, fara ce kamar sukari. Inna ba ta taɓa ba yaro abu ba tare da ta ɗanɗana ba, amma ranar tana azumin Alhamis ɗin da ta saba. Yarinyar ta kurɓa sau biyu ta saki ƙoƙon ta fasa ƙara.

Ba zan iya kwatanta muku bakin yarinyar nan yadda na gan shi ba. Aka yi mata abin da za a iya a Dakoro, aka tura mu Maradi. A can, muna zaune a inuwar bango muna jira, yayana ya juyo kan Inna. Shi da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya tambaye ta yadda aka yi mace kamarta ta kasa bambanta sukari da soda. Ni kuma, Allah ya yafe mini, maimakon in rufe bakina sai na shiga wanke kaina. Na ce ai na gaya mata, na maimaita mata, ja soda ne, shuɗi sukari, ko yaron aji ɗaya ya san ja. Inna tana zaune a kan tabarma, hannuwanta a cinya. Ba ta yi kuka ba. Ta juyo da fuskarta wajen da muryata ta fito ta ce, “Ɗiyata, wane ja? Yau damina ukku ban ga ja ba, ban ga shuɗi ba. Inuwa ɗai nika gani.”

Ashe shekara uku ke nan idanunta suna rufewa, ba wanda ya sani. Ta ce ta ɓoye ne don tana tsoron ranar da za a ce ta koma gefe ta zauna, a riƙa miƙo mata tuwo kamar baƙuwa. Ɗakin nan da nake raina wa, da shi take gani. Loɓar gwangwani ita ke gaya mata ga sukari, ɗinkin ƙwarya ya gaya mata ga gishiri, duk abin da aka ɗaure da ƙulli uku kuwa ta san ba na ci ba ne, shi ya sa ma ba ta yarda ya kwana ɗaki ɗaya da abinci. Sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini. Ta daɗe da daina zura zare a allura. In mutum ya yi sallama ba ta kiran sunansa sai ya ƙara magana. Ta bar tsintar wake wa surukarta, ta ce bayanta ke ciwo. Duk na gani, amma hankalina yana kan tsatsar gwangwanaye.

Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Amma maƙogwaronta ya ƙone daga ciki, da ya warke sai ya tsuke. Mun yi watanni muna zarya Maradi ana buɗa mata shi, kowane zuwa da irin kukan da za ta yi. Sai da ta fi shekara ba abin da ke wuce mata sai ruwa-ruwa, kunu da nono da romo. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Yanzu tana cin tuwo in an yi shi da laushi, a hankali, da moɗar ruwa a gefe, amma nama da ƙuli-ƙuli sai dai ta ga 'yan'uwanta suna ci. Yayana bai sake tayar da maganar ba, ya fitar da kantar ƙarfen nan ya jingine ta bayan garken awaki. Matarsa ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ita da kanta ta ce mini ƙaddara ce, kuma ita ma tana da nata kason tunda ita ta ɗauke gishirin. Wannan kirkin nata ya fi zagi yi mini zafi. Na durƙusa gaban Inna na roƙi gafara, ta dafa kaina ta ce ba ta taɓa riƙe ni ba, alheri na yi nufi, laifinta ne da ta yi shiru.

Mun kai ta wajen likitan ido, ya ce yanar ido ce, kuma da an zo da wuri da duka biyun sun gyaru. Aka yi mata aiki, ido ɗaya ya buɗe. Na yi murna, na ce shi ke nan, Inna za ta koma kan tukunyarta. Ranar da ta dawo gida, yarinyar ta rugo ta faɗa jikinta. Rabon da ta ga fuskar jikarta da kyau tun tana goye. Ta riƙe ta, ta dubi siririn wuyan nan da ƙananan hannuwan, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta sake riƙe ludayi ba. Ba wanda ya hana ta. Mun roƙa, maƙwabta sun roƙa, na yi yawon kasuwanni na nemo mata ƙore da tandu da ragaya irin na da, ta yi godiya ta ajiye su ƙarƙashin gado. In ana biki a unguwa yanzu, ta kan je ta zauna cikin tsofaffi, a kawo mata nata a kwano.

Abin da na koya, na koye shi a jikin waɗanda ba su yi mini laifin komai ba. Ban ce robobi da kanta da fitilun zamani ba su da amfani ba, ina da su a ɗakina har yau. Amma na gane cewa tsarin da ba ka fahimta ba, ba rashin tsari ba ne, kuma taimakon da aka yi wa mutum a bayan idonsa ba tare da an tambaye shi ba, yawanci don kai ka yi shi, ba don shi ba. Ina roƙon 'yan'uwana mata, musamman mu da muka yi karatu muke komawa gida da kaya a leda: kafin ki taɓa ɗakin uwarki, zauna ki tambaye ta dalilin da kowane abu yake inda yake. Ki lura da idanunta da kunnuwanta, don tsofaffinmu suna ɓoye rauninsu fiye da yadda muke zato. Kuma don Allah, soda da maganin ƙwari da duk wani abu mai kisa, kada su taɓa shiga mazubi irin na abinci, kada su zauna kusa da shi, komai kyan murfin.

Yarinyar ta shiga lakwal bana. Ba ta tuna abin da ya faru sosai, an ce mata ciwo ta yi tana ƙarama. Hutun da ya wuce ina gida, da safe, na ji ta je ta zauna kusa da Inna tana mata magiya ta dama mata koko, ta ce na mamanta ba ya da daɗi. Inna ta ce ta je wajen gwaggonta. Yarinyar ta zo ta same ni a madafa da ƙoƙonta a hannu, idonta cike da ƙwalla, ta tambaye ni me ta yi wa kaka da ta daina sonta. Na karɓi ƙoƙon na juya mata baya ina damawa, don na san amsar, kuma har yau ban iya ba ta ba.